Yumɓun Ramin Kuza

A bayan Bukuru, inda kakana Barau
ya yi shekara goma sha tara yana wankin kuza,
ramin da suka bari ya cika da ruwa kore shar,
ba ya gudu, ba ya ƙafewa.
Can na nufa da sassafe, sanyi na cizon kunne,
da cokalin ƙarfe da kwalabe shida masu lamba.

Ngo Kaneng ta riga ni isa.
Ta tattare zane zuwa gwiwa, tana saran gaɓa da 'yar fartanya,
farar ƙasa gefe guda, ja cikin kwando.
Ta leƙa kwalabena ta ce,
"Yaro, wannan ai ko murfin tulu ba zai yi ba."

Na ce, ba tulu ya kawo ni ba, Ngo.
A ɗakin bincikenmu akwai na'ura
mai ganin abin da ya gagari ido.
A gabanta yumɓun nan ba dunƙule ba ne,
falle-falle ne, kamar takardun da ruwa ya manne,
dubu kan dubu a kaurin farce.
Tsakanin falle da falle akwai lungu,
lungun kuma yana da kamu
irin na ƙarangiya a bakin wando.

Wasu masana na zato, zato fa na ce,
tun duniya ba ciyawa, ba sauro, ba ko gansakuka,
ƙananan sinadarai na gararamba cikin ruwa
kamar baƙi a Taminus, ba wanda ya san wani.
Yumɓu ne ya shimfiɗa musu tabarma.
Ya zaunar da su kafaɗa da kafaɗa,
rana ta busar, ruwa ya jiƙa, rana ta sake busarwa,
har wani ya kama hannun wani,
sarƙa ta yi tsawo,
ran nan sarƙar ta koyi kwaikwayon kanta.

Ta share goshi da bayan hannu.
"Shekara hamsin ina kwaɓa shi,
ban taɓa buɗe randa na tarar ta haihu ba."
Muka yi dariya har belbela ta tashi daga bakin ruwa.
Na ce, hamsin ɗinki ƙiftawar ido ce a wannan lissafi.
Yau kuwa ko wani abu ya soma haɗuwa,
mayunwatan da ido ba ya gani
za su lashe shi kafin ki ɗora tukunya.

"Ni dai abin da na sani," in ji ta,
"ba a yi wa yumɓu gaggawa.
Sai ya kwana uku ƙarƙashin jiƙaƙƙen tsumma.
Kuma yana da riƙo.
Murɗe shi yana ɗanye, ka dawo ka shafe wurin sumul,
wuta za ta tona maka asiri."

Na rubuta wannan a bayan takardar lamba ta huɗu.

Can ta ce, "A coci an gaya mana da ƙasa aka gina mutum."
Na ce, mu ma haka muka ji a masallaci.
"To me kake nema cikin kwalba?"
Na ce, Maginin ba shi nake tuhuma ba, Ngo.
Kin san yaron da ke tsugunawa kusa da ke
don kawai ya ga yadda hannu ke juyawa?

Ba ta amsa ba.
Ta ɓantari curi daga kwando ta danna mini a tafi,
mai sanyi, mai nauyin ɗan tsako.

Yanzu dare ne a ɗakin bincike, an ɗauke wuta,
na'ura ta yi shiru.
Na haska curin da fitilar waya:
ga shatin babban yatsanta, zara-zara, har da tabon tsohuwar yanka.
Gobe zan yanki abin da zan auna.
Ta ɗaya gefen zan yanka.